Na-Sani da Harafi Mai Ƙugiya

A aji shida akwai wata yarinya da kowa ke kira Na-Sani. Ba shi ne sunan da iyayenta suka raɗa mata ba. Bakinta ne ya jawo mata shi.

A ce mata hadari ya haɗo, sai ta ce, "Na sani." A ce mata igiyar takalminta ta kwance, sai ta ce, "Na sani." Wata rana Mama ta ce mata, "Ke, kin sa rigarki a baibai." Ta ce, "Na sani," kuma a haka ta tafi har makaranta. Yarinyar nan akwai taurin kai kamar me.

Amma a faɗi gaskiya, kanta yana ja. Abin da aka koya da safe, kafin azahar ta haddace shi.

Makarantarsu tana da ƙananan kwamfutoci guda biyar, irin waɗanda ake naɗewa a sa a jaka. Yaran da ke son koyon haɗa manhaja kuwa sun fi ashirin. Don haka Malamar kwamfuta ta jera sunayensu a layi. Sunan Na-Sani ya faɗo cikin biyar na farko.

Ranar Litinin Malama ta raba musu kwamfutocin, ta ce, "Kowa ya tafi da tasa gida. Zuwa Juma'a ina son in ga ɗan wasan da kowa ya rubuta yana aiki. Wanda nasa ya tashi, kwamfuta na hannunsa har ƙarshen zango. Wanda nasa bai tashi ba, ya miƙa wa na bayansa a layi."

Wadda ke bayan Na-Sani a layi wata yarinya ce marar hayaniya. Shiru ake ce mata.

Malama ta ci gaba. "Kafin ku rubuta ko layi ɗaya, sai kun shirya wurin aiki. Kuna buƙatar manhajar da za ku rubuta umarni a ciki. Kuna buƙatar folda, inda za ku ajiye aikinku. Sannan kuna buƙatar tafinta."

Wani ya ɗaga hannu. "Malama, tafinta kuma? Mutum?"

"A'a, shi ma manhaja ne. Kwamfuta ba ta jin maganarmu kai tsaye. Tafinta ne ke juya mata abin da muka rubuta. Na riga na saka muku shi a kowace kwamfuta."

Sai ta ba kowa takarda guda. "A gaba akwai matakan da za ku bi. A baya kuma akwai tambayoyi tara da ɗaliban bara suka fi yi mini, da amsoshinsu. Ku karanta kafin ku taɓa komai."

Na-Sani ta ce, "Na sani, Malama." Ta ninke takardar ta cusa a aljihu.

A gida, teburin falo yana da ƙafa ɗaya gajera. Da ta ɗora kwamfutar, sai ya fara rawa. Ta duba hagu, ta duba dama, ba ta ga abin da za ta tokare shi da shi ba. Sai ta zaro takardar Malama, ta ƙara ninke ta, ta cusa a ƙarƙashin ƙafar. Tebur ya tsaya cak.

Ta ce, "Yauwa. Ga amfaninki nan."

Wasan da ta shirya na shuka ne. Mai wasa zai sa iri a ƙasa, ya zuba ruwa, tsiro ya fito. In ruwa ya yi yawa, tsiron ya langaɓe. Tun makon jiya ta rubuta umarnin a littafinta. Yanzu sai kwafa kawai.

Ta buɗe sabuwar folda. Wane suna za ta sa mata? Sunan wasan mana: Ƙasa. Ta daɗe tana lalube kafin ta samo harafin mai ƙugiya. Da ta same shi, har da tafi. Malamin Hausa ya sha ja musu kunne a kan haka. Kullum cewa yake, ƙasa daban, kasa daban. Ƙasa ita ce wadda ake shuka a cikinta. Kasa kuwa gazawa ce.

Ta gama kwafa. Ta gyara zama, ta danna maɓallin da ke tayar da wasa.

Wasa bai tashi ba. Sai wani jan rubutu ya fito a allo, layi uku.

Ko kallonsa ba ta yi ba, ta rufe. Ta sake dannawa, ya sake fitowa. Ta sake rufewa. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Ta hura iska tsakanin maɓallan. Ta ɗan bubbuga bayanta, yadda ake yi wa tsohuwar rediyo. Jan rubutu yana nan daram.

Ranar Talata haka ta wuni. Mama ta leƙo daga kicin, ta ce, "Wai ba Malama ta ba ku takarda ba?"

"Na san abin da ke ciki, Mama."

"Kin karanta?"

"Ba sai na karanta ba."

Mama ta girgiza kai ta koma wajen tukunyarta.

Ranar Laraba Na-Sani ta yanke hukunci cewa tafintan Malama ne ba shi da kyau. Ta ari wayar Mama, ta jona intanet, ta sauke wani tafinta daban. Ba ta duba ko ya dace da kwamfutar ba. Ta saka shi a kan na farko. Duk inda aka tambaye ta wani abu, sai ta danna "e" ta wuce.

Ta danna maɓallin wasa. Jan rubutun da ke layi uku ya koma layi goma sha ɗaya.

Nan ne ta gane ta ƙara ɓata lamarin. Amma ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Alhamis Malama ta ce kowa ya buɗe tasa, ta ga inda aka kwana. Yara huɗu suka nuna nasu. Na wani ƙwallo ce ke tsalle. Na wata kifi ne ke iyo. Duk suna aiki.

Aka zo kan Na-Sani. Ta danna, allo ya yi ja.

Ta miƙe tsaye, ta harɗe hannu a ƙirji. "Malama, lalatacciya aka ba ni."

Malama ba ta ɗaga murya ba. "Ni na gwada ta da hannuna ranar Litinin. Lafiyarta ƙalau. Zan yi miki tambaya uku. Me jan rubutun ya ce ranar farko?"

"Ja ne kawai."

"Me kika canza tun daga ranar?"

"Abubuwa."

"Ina takardar da na ba ki?"

Na-Sani ta kau da kai. Ta ya za ta ce tana ƙarƙashin ƙafar tebur?

Daga bayan aji wani ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Na-Sani ta kasa." Dariya ta ɓarke.

Ta juya ta watsa musu harara. "Ban kasa ba. Kuma ba zan kasa ba."

Malama ta buga tebur, aji ya natsu. Ta ce, "Ba zan gyara miki ba, don in na gyara ba ki koyi komai ba. Doka tana nan. Gobe Juma'a. In wasanki bai tashi ba, kwamfuta ta koma hannun Shiru."

Shiru ba ta yi dariya ba. Ta dai kalli jakar kwamfutar, ta sunkuyar da kai.

Na-Sani ta kama hanyar gida, idonta cike da ƙwalla, amma ta hana ta zuba. Tana son kwamfutar nan har cikin ranta. Wata biyu ta yi tana jiran ranar da za a raba kwamfutocin.

Babanta bakanike ne. Garejinsa na jikin gidansu. Ta same shi a tsugune gaban wani babur, ya kara kunne kusa da injin, ya lumshe ido.

"Sannu da aiki, Baba."

Ya ɗaga mata hannu, alamar ta dakata. Sai da ya gama saurare, ya kashe injin. "Sannu, Injiniya. Yau kuma wa ya taɓa ki? Fuska kamar an aiko ki da saƙon faɗa."

"Ba kowa. Baba, me kake saurare?"

"Abin da babur ke gaya mini. Duk injin da ya lalace yana faɗin ciwonsa. Mai babur ɗin nan bai tsaya ya ji ba. Ya kwance abu biyar da kansa kafin ya kawo mini. Ciwo ɗaya ne da farko, yanzu sai na gyara ɓarnarsa kafin in kai ga ciwon."

Na-Sani ta ji kamar da ita yake. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya. Can sai ta ce, "Baba, kwamfutar ta ƙi aiki. Gobe za a karɓe."

"Me ta ce miki?"

"Kwamfuta ai ba ta magana."

"Ba ta nuna komai ba?"

"Jan rubutu."

"To ai maganarta ke nan. Kin karanta?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a."

Baba ya wanke hannunsa da sabulu har sau biyu, suka shiga falo. Ya ce, "Ni ban san kwamfuta ba. Ko kunna ta ban iya ba. Amma duk kayan aiki na zuwa da takardarsa. Ina taki?"

Ta nuna ƙarƙashin tebur da yatsa.

Baba ya leƙa. Ya kalle ta, ya sake leƙawa. Sai ya tuntsire da dariya har yana riƙe ciki. "Ashe takardar tana aiki tun Litinin. Ita kaɗai ce a ɗakin nan ba ta huta ba."

Ya ɗaga teburin, ta zaro ta. Ta yi ƙura, tsakiyarta ta lotsa, amma rubutun na karantuwa. Tebur ya koma rawarsa, Baba ya tokare shi da gwiwa.

"Fara gaya mini abin da kika taɓa na ƙarshe," in ji shi.

"Na saka wani tafinta."

"Duba ko takardar ta san wannan."

Ta juya bayan takardar, ta bi da yatsa. Tambaya ta huɗu ta ce: "Na saka tafinta na biyu, komai ya rikice. Me zan yi?" Amsar ta ce: "Kwamfuta ba ta san wanda za ta kira ba. A cire wanda aka ƙara, a bar na farko."

Kunya ta kama ta. Ashe wani ya riga ta yin wannan kuskure tun bara, kuma amsar tana ƙarƙashin teburinta kwana huɗu.

Ta cire tafinta na biyu. Hannunta ya kai zai taɓa wani abu kuma, Baba ya riƙe shi. "Ɗaya bayan ɗaya. Kin canza abu ɗaya, to gwada. In kika canza uku tare, ba za ki san wanda ya yi magani ba."

Ta danna. Jan rubutun ya koma layi uku, irin na ranar farko. Yatsanta ya nufi wurin rufewa don sabo, sai ta janye shi da kanta.

Ta karanta a hankali. Da Turanci yake, amma ba mai wuya ba. Ta fassara wa Baba. "Wai ya nemi wurin da aikina yake, bai gan shi ba."

"Ya faɗi sunan wurin?"

"Ga shi nan a layi na biyu."

Baba ya matso da fuska. "Wannan wace irin kalma ce? Alamar tambaya, sannan a, s, a."

Na-Sani ta zura ido. A inda ya kamata a ga Ƙasa, abin da ke rubuce shi ne ?asa.

Ta koma kan takarda da sauri. Tambaya ta shida ta ce: "Tafinta ya ce bai ga foldata ba, alhali tana nan." Amsar ta ce: "A duba sunan foldar. Tafintanmu tsoho ne, bai iya karanta harafi mai ƙugiya a sunan folda ba. A yi amfani da harafi marar ƙugiya."

Baba ya ce, "Shi ke nan, an gano ciwo. Cire ƙugiyar."

"Ba zan cire ba."

"Ke kuma, mun zo ƙarshe za ki fara?"

"Baba, in na cire, me zai rage? Karanta ka ji."

Baba ya motsa leɓe. "Kasa."

"Abin da suka ce mini ke nan yau a aji. Wai na kasa. Shi ne zan rubuta da hannuna a kan aikina? Ko za a karɓe kwamfutar, ba zan rubuta ba."

Mama ta ɗago murya daga kicin. "Ka ji ko? Halin nata ya motsa."

Baba ya shafa gemu. "Wannan karon ban ga laifinta ba. Amma ki ji, Injiniya. Ƙin cirewa kaɗai ba zai tayar da wasa ba. Tunda kin ƙi wannan hanya, nemo wata."

Ta sake karanta amsar, kalma bayan kalma. Takardar ba ta ce a ɓata kalmar ba. Cewa ta yi sunan folda ya zama marar ƙugiya. Kuma ba wanda ya ce dole sunan folda ya zama sunan wasa.

Ta fara lissafo kalmomi da yatsu. "Ɓawo, yana da ƙugiya. Ɗanye, yana da ita. Lambu." Ta tsaya. "Lambu ba shi da ko ɗaya."

Ta canza sunan foldar zuwa lambu. Ta ja numfashi, ta danna.

Allo ya yi kore. Ga ɗan iri, ga bokitin ruwa. Ta zuba ruwa, tsiro ya leƙo.

Ta daka tsalle har tebur ya kusa kifewa, Baba ya tare kwamfutar da hannu biyu. Mama ta fito da ludayi a hannu tana tambaya ko lafiya.

Sai murnar Na-Sani ta rage. A saman wasan, inda ta rubuta sunansa da manyan haruffa, alamar tambayar nan ce ta sake fitowa: ?asa.

Ta duba tambayoyi tara ɗin nan tun daga farko har ƙarshe. Babu amsar wannan. A da, da ta shiga taɓe-taɓe. Yau sai ta ɗauko littafinta, ta kwafe abin da ta gani daidai yadda yake. A ƙasansa ta rubuta abu biyu da ta canza.

Ranar Juma'a ta buɗe kwamfutar a gaban aji. Ta danna, tsiro ya fito. Masu dariyar jiya suka yi tsit.

Malama ta ce, "Madalla. Wasa ya tashi, kwamfuta na hannunki. Me ya hana shi da?"

Na-Sani ta yi bayani tiryan-tiryan, har da labarin ƙafar tebur. Ba ta ɓoye komai ba. Sannan ta nuna saman allo. "Amma saura wannan, Malama."

"Kin san abin da ya jawo shi?"

Aji ya zuba mata ido. Kowa ya san amsar da ta saba bayarwa.

Na-Sani ta ce, "Ban sani ba, Malama. Don Allah ki nuna mini."

Wani ya ce, "A rubuta ranar yau a allo." Aka yi dariya, ita ma ta yi.

Malama ta ce, "Da sauƙi. Kina iya sa k marar ƙugiya ki huta."

"A'a, Malama. Wasana Ƙasa ne. Ba kasa ba."

Malama ta yi murmushi. "Dama gwada ki nake." Ta jawo kujera, ta nuna mata layi ɗaya da ake rubutawa a saman fayil ɗin wasan, kafin sauran umarnin. Layin yana gaya wa tafinta irin haruffan da ke cikin rubutun. Na-Sani ta rubuta da kanta, ta danna.

Sunan ya fito a saman allo, babba, da ƙugiyarsa: Ƙasa.

Malama ta karɓi takardar nan mai ƙura, ta rubuta tambaya ta goma a ƙarshenta. Ta ce, "Wannan taki ce. 'Yan baɗi za su gode miki."

Da aka tashi, Na-Sani ta je wajen Shiru. "Gobe ki zo gidanmu da littafinki. Kwamfuta ɗaya tana ɗaukar folda biyu."

Ga darasin nan, yara. In abu ya ƙi aiki, a tsaya a karanta abin da ya ce. A bi matakai, a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa wani. Kuma wanda ya ce "ban sani ba" ya yi tambaya, bai kasa ba.

Washegari Shiru ta zo. Baba ya riga ya buga wa ƙafar tebur ɗan katako, takardar Malama kuma tana manne a bango. Shiru ta kwafe wasanta, ta danna, allo ya yi ja. Hannunta ya nufi wurin rufewa.

Na-Sani ta riƙe hannun. "Dakata. Me ta ce miki?"